Asabar Ɗaya, Kwana Huɗu

Maigidana makaniken manyan motoci ne, amma tun da muka karɓi bashin gida daga banki ya koma malamin lissafi. Shekara ashirin aka yanka mana. Wani abokin aikinsa ne ya hure masa kunne, wai duk abin da ka ɗora a kan biyan wata, uwar kuɗin yake ci kai tsaye, sai kuɗin ruwan ya ragu, shekarun su taƙaita. Shi ke nan fa, ya ɗauki aikin Asabar, duk kuɗin ya bi banki.

Yana da wata takarda manne a jikin firij, duk ta sha baƙin mai. Da ya shigo zai nuna min da yatsa.

"Kin gani? Asabar ɗaya, kwana huɗu take yankewa. In na dage, shekara goma sha huɗu mun gama."

Ban ƙi ta tasa ba. A gidan haya ya tashi, sau biyar ana watso musu kaya waje yana yaro. Amma ni ma a kantin magani nake aiki, na iya ƙirga. Shekara biyu muka ci, saura goma sha biyu, 'yarmu tilo kuma shekararta bakwai. Lahadi kuwa barci yake yi, ko ganga aka buga ba ya motsi.

Wata safiya yana ɗaure takalmi na ce, "Baban yarinya, kwanakin nan da kake yankewa, yaushe za a ba mu su?"

"A ƙarshe mana."

"Tana da shekara goma sha tara ke nan. Wa za ka zauna da shi, ni? Ai na gode."

Ya yi dariya, ya ce mitata ta fi ruwan banki yawa. Amma na ga maganar ta zauna masa, don har ya fita bai kalli firij ba.

Asabar ta gaba bai je aiki ba. Ya ɗauko sifana, ya ce yau zai cire ƙananan tayoyin gefe na keken yarinyar ya koya mata tuƙi. Ya jawo keken daga bayan ƙofa, ya tsuguna, ya tsaya yana kallon inda tayoyin suke a da.

"Ai tuntuni maƙwabcinmu ya cire," in ji yarinyar. "Shi ya riƙe min. Sau uku na faɗi, ka ga tabon." Ta nuna masa gwiwa, ta haye, ta yi ƙarshen layi ko waige babu.

Wallahi na so in ce na faɗa maka, amma tausayinsa ya hana ni. Ya daɗe a tsugune da sifanar a hannu.

"In na riƙa zuwa Asabar ɗaya ina hutun ɗaya," ya ce, "bashin zai kai shekara goma sha bakwai."

"To, ya kai," na ce.

Ya ɗaga murya ya kira ta, ya ce ta dawo ya riƙe mata.

"Ba sai ka riƙe ba, Baba," ta amsa daga nesa. "Kai dai tsaya ka gani."

Ya miƙe ya tsaya.