Ƙasar Tsakar Gidan Ƙasimu

Ni na ba Ƙasimu batir na farko, kuma da fara'ata na ba shi. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.

Shekarar da aka raba kuɗin Udoji, duk wanda ya taɓa riƙe biro a ofis sai da ya sayi mota. Rabinsu ba su san inda ake zuba ruwa ba, balle mai. Hanyar da ta bi ta gadar Wudil kuwa ba ta raga wa ɗan koyo. Kafin shekara biyu, bayan garejina ya cika da mushen motoci. Ni bakanike ne, Auta ake ce mini, kuma ina da taƙama guda: ba na barin komai na mota ya tashi a banza. Taya ta masu takalmi ce, sifirin maƙera su ƙera fartanya, baƙin mai a shafa wa azara saboda gara. Batir ne kaɗai ya gagare ni. Ga su nan jibge, ruwansu na tsiyaya, duk inda ya bi ciyawa ba ta ƙara fitowa.

Ƙasimu masunci ne, gidansa na gangaren kogi. Wata Juma'a, bayan mun gaisa, ya tsuguna yana duban tulin.

"Malam Auta, wai da gaske dalma ce a cikin abin nan?"

"Dalma zalla."

"Mu kuma har Kano muke zuwa nemanta."

Komar da suke jefawa ba ta nutsewa sai an jera mata dalma a baki. Na ce ya kwashe duka, har na taya shi ɗora wa jaki.

A tsakar gidansa yake fasa su da gatari, ya narka a tsohon kasko, ya zuba a 'yan ramukan da ya tona da yatsa. Ni kuwa ban bar kowa ya huta ba a tasha. Duk direban da ya tsaya sai na ba shi labarin yadda mataccen batir yake kamo kifi a Wudil. Wallahi ji nake kamar ni na ƙirƙiro mota.

Yana da 'ya ɗaya, Saudatu, shekararta huɗu. Shekara tara suka yi da matarsa Indo kafin su same ta. Bakinta ba ya shiru, kuma duk inda ubanta ya tsuguna nan za ta tsuguna. Tana wasan girki da tokar kaskon, tana tsintar ƙwayoyin dalmar da suka fantsama. Na sha ganinta da su a baki, na yi dariya na ce za ta gaji ubanta.

Da ciwon ciki ta fara. Sai ƙin abinci, sai kuka ba dalili. Ranar da ta faɗi tana jijjiga, tsofaffi suka ce iskokin ruwa ne, tunda gidan na kusa da kogi. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, wata biyu cur. Da ta daina magana ne na ɗauke su a motar da aka kawo mini gyara muka tafi asibiti a Kano.

Likitan dattijo ne. Ya ɗaga leɓenta ya daɗe yana duban dasashi, sannan ya tambayi Ƙasimu sana'arsa. Ƙasimu ya faɗa, har da bayanin kasko, don shi a ganinsa abin yabo ne. Likita ya ajiye biro.

"Dalma ce ta shiga jikinta. Ta cikin jini za mu rage," in ji shi. "Wadda ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa kuwa, ba ni da abin da zan yi mata. Ka je ka kankare ƙasar tsakar gidan nan, zurfin taƙi guda, ka kai ta nesa da mutane da ruwa."

Muka kamo hanyar gida. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Kwana uku Ƙasimu yana haƙa shi kaɗai. Sai kuma wurin zubarwa ya gagara. Kogi, daga nan ake sha. Kududdufi, yara ke wanka. Ya kora jakinsa har Kausani, gonar wansa Maikano, shi kuma ya ce ya yi haƙuri, gyaɗa zai shuka. Da la'asar sai ga shi a garejina, jaki na haki, mangala cike. Bai nemi izini ba, ya juye ta a gindin wata mota da ta ƙone. Ya koma ya ƙaro, sawu goma sha ɗaya. Ina tsaye da sifana a hannu, ban hana ba.

A sawun ƙarshe na daure na tambaya.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Tana cin abinci." Ya kakkaɓe mangalar a hankali. "Jiya na shiga na kira ta. Sau uku, Malam Auta. A na ukun ta waigo ta dube ni, sai ta tashi ta ɓuya a bayan uwarta."