Sunan da Kasuwa ta Sani

"Sharafaddeen fa," Suzana ta sake cewa, tana ɗaga murya saboda ƙarar mota. "Ɗan gidan Balaraba. Ya rasu da safen nan."

Masu lodin kasuwar Farin Gada suka dubi juna. Wani da kwandon tumatir a ka ya ce, "Allah ya jiƙan Musulmi, Anti. Amma ba mu san shi ba." Ya wuce abinsa.

Ba su san shi ba! Mutumin da ya yi shekaru yana sauke kabeji tare da su. Sai dai a nan ba wanda ya taɓa kiransa da sunan yanka. Kwalba suke ce masa, don aljihunsa ba ya rabuwa da kwalbar maganin tari.

Suzana maƙwabciyar su Balaraba ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma aikinta ke nan, zama da masu shaye-shaye. Ba ta wa'azi, ba ta tsawa, har wasu na cewa lallashinta ya yi yawa. Ranar da ya fara zama a barandarta, tambaya ɗaya ta yi masa: "Wane suna mamanka ta ba ka?" Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya faɗa, kamar mai jin kunyar suruki. Tun daga ranar ba ta yarda a ce Kwalba a gabanta ba, ko da wasa.

Ya bar sha damina guda cur, har kumatu ya yi. Ta sha gaya masa, "In ka zame, kar ka ɓoye mini. Kuma kar ka sha yadda ka saba, jikinka ya manta." Ya zame, ya ɓoye. Balaraba ce ta same shi ba rai da ta kai masa koko.

An yi sanarwa a masallaci da sunansa na gaskiya, amma 'yan tsofaffin layi kaɗai suka fito, waɗanda ko buta da ƙyar suke ɗagawa. Balaraba ta riƙe hannun Suzana a zaure. "Wa zai ɗaukar mini shi, Maman Gyang? Ana idar da azahar za a fita da shi."

Abin da ya kawo Suzana kasuwa ke nan. Yanzu ga rana ta take, ga ladan yana gyaran murya, ita kuma tana tsaye cikin ruɓaɓɓen ganye. Ta sake gwada wani dattijon mai lodi.

"Baba, Sharafaddeen. Dogo, mai wushirya."

"'Yata, dogaye sun yi yawa a nan."

Ta rufe ido. "Kwalba," ta ce.

"Kwalba? Innalillahi! Kai, Lukuman, ku sauko! Kwalba ya mutu!"

Nan da nan sunan ya zagaye kasuwa, daga wannan rumfa zuwa waccan. Maza suka yi ta dirowa daga motoci suna goge hannu a wando, wasu na hawaye da gaske. Suka wuce ta a guje, ba wanda ya waiwaye ta.

Ba ta bi su ba. Ta zauna a kan wani kwando da aka kife, kusa da motar da aka bari rabi a sauke. Wata akuya ta zo tana jan ganyen kabeji daga buhun da ya yage.