Ba Beli Ba Ne

Mutanenmu akwai saurin cewa amin, karatun ne dai sai a hankali. Zahra'u, nas ce a wani asibiti a Gyadi-Gyadi, ta ɓata safiyar Talata tana rubuta alamomin mashaƙo a Fesbuk: zazzaɓi, kumburin wuya, farin abu a maƙogwaro. Mutum ɗari biyu suka rubuta "Allah ya tsare" suka wuce, har da Safiya matar yayanta.

Da azahar sai ga Safiyar nan ta ɗora hoton 'yarta Ummi, wuya ya yi suntum. "Ku sa mu a addu'a, yau za a cire mata beli." Addu'a ta fi saba'in a ƙasa, wata ma har da yabon hannun wanzamin. Ba wanda ya ce a kai ta asibiti.

Ran Zahra'u ya ɓaci. Ta kira Safiya sau uku ba a ɗaga ba. Ta bar wa abokiyar aikinta ɗakin, ta tari adaidaita sai gidan yayanta a Darmanawa.

Ta tarar Malam Ɗan'azumi wanzami ya buɗe zabira a tsakar gida, Safiya ta riƙe yarinyar a cinya.

"Baba, don Allah dakata."

"Anti, ke fa komai asibiti," in ji Safiya. "Kowa ya ga hoton ya ce beli ne."

Zahra'u ba ta kula ta ba. Ta rufe hancinta da takunkumi, ta durƙusa, ta haska bakin Ummi da fitilar waya.

"Baba, shekara nawa kana wannan aikin?"

"Arba'in."

"To duba da kanka. Idan aska ta taɓa wannan farin, numfashinta zai iya toshewa a hannunka."

Tsohon ya leƙa, ya duba da kyau. Sai ya mayar da askar cikin zabira.

"Wannan ba aikina ba ne. Yara biyu na yi wa makon jiya da irinsa, a layin bayan masallaci." Ya rufe zabirar. "Ɗayan an binne shi shekaranjiya."

Safiya ta fashe da kuka. Zahra'u ta saɓi Ummi a kafaɗa, ta nufi ƙofa, sannan ta waiwayo.

"Baba, taso mu tafi. Ka nuna min gidan ɗayan."