Kotun Ƙasa Ba Ta da Hurumi

Shekara goma sha bakwai ina masinja a wannan kotu, aikina bai wuce in ɗauki fayil daga wannan tebur in kai wancan ba. Ginin bene ne. A ƙasa majistare yake zama, shi ke sauraren ƙananan laifuka: satar waya, zagi, faɗan maƙwabta, direban da ya take akuyar wani. Sama kuwa babbar kotu ce, can ake kai kisan kai da fashi da makami. Mutanen ƙasa surutu gare su, suna rantse-rantse suna nuna juna da yatsa. Na sama ba ka jin bakinsu, don wanda ya hau ba ya saurin saukowa.

A ƙasa na fara ganin matar wani mai walda. Mijinta ya yi cacar baki da wani magini a wurin aiki, zuciya ta ɗebe shi ya ture tsanin da mutumin yake kai, maginin ya faɗo da ka. Aka gurfanar da shi kan laifin jikkata mutum. Majistare ya ce ba zai duba maganar beli ba sai ya ga takardar likita, ya ɗage zama zuwa sati uku.

Ta tare ni a baranda, ta ɗan rusuna. "Baba Masinja, don Allah me ake nufi da sai an ga takardar likita?"

Da na ja bakina na yi shiru da ya fi min, amma ni mutum ne mai son a san na sani. Na ce, "'Yar nan, muddin mutumin nan yana numfashi, shari'ar tamu ce ta ƙasa, ana ba da beli, ana ma iya sasantawa. In ya cika, ta zama kisa, ta fita daga hannunmu."

Tun daga ranar ta tare a asibiti. Da farko dangin maginin korarta suka yi, har ƙanwarsa ta watsa mata ruwa. Ta koma washegari. Uwarsa tsohuwa ce, ba ta iya juya shi a gado, sauran kuma kowa da uzurinsa, sai ga shi matar wanda ya ture shi ce ke wanke zannuwa, tana kore masa ƙuda, tana bin ma'aikatan jinya da roƙo. Duk bayan kwana biyu sai ta biyo ta kotu ta ba ni labari kamar ni ne alƙalin.

"Baba, yau ya motsa yatsa."

"Baba, ya sha ruwa cokali biyu."

Na ce mata ni ko biro ba a ba ni in riƙe a gidan nan. Ta yi dariya, amma ba ta fasa zuwa ba, ni ma har na saba da jiran ta.

Ranar zaman, matar ta zo da surukinta, uban mai waldan, wanda zai tsaya masa. Tsohon ya sa rigarsa mai kyau, ya rungume takardun gida da hotuna biyu a cikin leda. Takardar likita tana cikin fayil, ni na saka ta da hannuna, ta ce mara lafiya yana samun sauƙi. Sai ga ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya shigo a makare da wata takardar daban. Ina ganin yadda ya ƙi kallon bencin dangi, na san ba lafiya ba.

Ya yi wa majistare bayani da harshen kotu, wanda ita ba ta ji. Majistare ya cire tabarau, ya yi rubutu, ya karanta. Tafintan kotu kuwa, matsoracin banza, ya tsallake gaban maganar ya faɗi ƙarshenta kawai: "Kotu ta ce ba ta da hurumin ci gaba da wannan shari'a."

"Alhamdulillahi!" Da ƙarfi ta faɗa, har ɗan sandan bakin ƙofa ya harare ta. Ta juya wajen surukinta tana dariya da hawaye. "Baba, kun ji? Sun ce ba ruwansu da shi."

Mijin ya gane. Ya dafa katakon da yake tsaye a ciki, ya sunkuyar da kai, aka fita da shi ta ƙofar baya.

Ta same ni a baranda, fayil ɗin yana hannuna. "Baba Masinja, ta wace ƙofa zai fito? Ko sai mun sa hannu tukuna?"

Na ji haushin tafinta, na ji haushin kaina. Na ce, "'Yar nan, sai haƙuri. Maginin ya rasu da safen nan. Ba hurumi, wato laifin ya fi ƙarfin kotun ƙasa. An mayar da mijinki gidan yari."

"Jiya fa na bar shi yana kallona," ta ce. "Har ya riƙe min yatsa."

Tsohon ya zauna a ƙasa da rigarsa mai kyau, ledar takardun a cinyarsa. Shi ne ya tambayi yaushe za a kira su a sama. Na ce sai fayil ya je wajen lauyoyin gwamnati sun ba da shawara, sannan a sa rana, kuma majistare ba shi da ikon beli a kan kisa. Ya ce kamar wata nawa ke nan. Na san waɗanda suka shekara biyar suna jiran wannan shawara, amma na ce masa ba a sani ba.

Ita ba ta ji ma abin da muke faɗa ba. Kuka take yi a hankali, tana murza bakin mayafinta.

"Baba Masinja," ta ce, "kwana ashirin ina goge wa maginin nan baki, ina roƙon Allah ya tashe shi, wallahi ko sau ɗaya ban roƙa don shi ba, don mijina nake yi. Tsohuwar nan kuma, uwarsa, 'yata take ce min. Yanzu in na je gidansu, a matsayin wa zan shiga?"

 Magatakarda ya leƙo ta taga ya daka min tsawa, wai fayil ba ya kai kansa. Na bar ta nan a tsaye.