Kirsimetin Nenita a Gaban Gidan Yayarta

…kuma nan za ta tsaya, ba inda za ta matsa. Ruel, mijinta, ya ce ƙasan wurin duwatsu ne, ƙugiyar jirgi ba za ta kama sosai ba, gara su zagaya bayan tsibiri. Bayan tsibiri? Ta ratso teku tun daga Palawan, iska na jan su, don ta zo ta ɓuya? Nan ɗin dai. Daidai ƙofar gidan Inna, yadda duk sanda Yaya Belen ta ɗaga kai, jirgin Nenita ne zai tsone mata ido.

An taso daga coci, rana ta take. Ƙamshin gasasshen alade yana biyo iska har cikin jirgi, wani bugagge yana kashe waƙa a lasifikar maƙwabta. Ku ci. Ku ƙoshi. Ita shinkafa ce da kifin da Ruel ya kamo, a kan murhun da ke lilo. Amma ta rataye tauraron Kirsimeti a sandar jirgi, na gora da jar takarda, ƙato, kada wani ya ce bai gani ba.

Inna ta taɓa hawa jirgin nan… wata Kirsimeti. Ta yi amai, ta goge baki, tana dariya har da hawaye: "Nita, gidan nan naki ya sha giya ne?" Ta ci wainar shinkafa riƙe da igiya. Ta ce za ta dawo.

Wayar tana aljihun Nenita. Aljihunta! Duk kwanakin da Inna ta yi a kwance, ko ƙara ɗaya. Sai a hoton da wata maƙwabciya ta saka a intanet ta ga akwatin gawar Inna, fararen furanni, ga Yaya a gaba da hankici, ana rirriƙe ta. Da ta kira tana ihu, me Yaya ta ce mata? "Ke da kika zaɓi zaman ruwa kamar agwagwa, a ina zan same ki?"

Agwagwa… To ga agwagwa ta iso.

An ce Inna ta yi ta kallon ƙofa. An ce har muryarta ta dushe tana tambaya ko Nita ta taso. Me kika ce mata, Yaya? Cewa kika yi na ƙi zuwa? Haka ta tafi, da wannan a ranta?

Ta gama shirya maganar. Ta faɗa wa igiyar ruwa, ta faɗa wa ƙyallen jirgi ranar da take ɗinke shi, har Ruel ya daina cewa ta yi haƙuri. Ba za ta taka gidan ba. Ta aike shi da ƙaramin kwalekwale: ya ce Yaya ta sauko bakin ruwa, gaban baƙinta, gaban Fada limamin coci ma in yana nan. Za ta fara da murmushi. "Barka da Kirsimeti, Yaya." Sannan a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake ɓare kifi…

Ta ɗaga madubin hangen nesa. Ga Yaya can a baranda, kan kujerar Inna — kujerar Inna! — fuska a jirgi tun safe, ko motsi. Isa ke nan? Kalle ni da kyau. Na yi baƙi, gishiri ya cinye min gashi, amma ban mutu ba.

Ruel yana dawowa. Me ya sa yake tuƙi kamar mai ɗauke da gawa? Ga faranti a ƙafarsa, an rufe da ganyen ayaba. Da nama za su rufe mata baki?

"Ina take?"

Ya ɗaure igiya. Ya sake ɗaurewa.

"Nita… ɓarin jikinta ya shanye. Tun damina. Ba ta magana. Mijinta ya ce kullum nan suke ajiye ta."

"Ta gane ka?"

"Ban sani ba. Ta dai kalle ni."

Tun damina… kuma ba wanda ya — a'a. A'a, ba haka aka yi da ita ba. Ya kamata Yaya ta tashi, ta riƙe ƙugu, ta yi musu, ta yi ƙarya, ta sake cewa agwagwa. Wa kuma ya san abin da aka faɗa wa Inna a ɗakin nan? Mutum ɗaya. Ga bakin can, a karkace, wata tana goge masa yawu.

Hannun Nenita ya ɗaga da kansa, sama da kai, yatsu a buɗe. Gaisuwa ce? Zagi ne? Ita kanta ba ta sani ba… Can barandar ba abin da ya motsa. Hannun yana nauyi, kafaɗa tana zafi, jirgi yana ta juyawa a hankali kan igiyarsa yana kawar da ita daga gidan. Ta kasa sauke hannun.