Saƙon da Baba Ya Cinye

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta janyo ta jiki a gaban mutane, in aka yabe ta sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Manya sun san kunya ce. To amma wa ya taɓa zaunar da yarinya 'yar shekara bakwai ya yi mata wannan bayani?

Ina shekara biyar auren iyayena ya mutu. Ba a yi faɗa ba, ba a je gaban alƙali ba, zama ne kawai ya ƙi. Innata, Laure, ta koma gidan mahaifinta Maigandi a Argungu, ta ci gaba da sana'ar gidansu ta turara shinkafa da shanya ta da surfe ta. Da na kai bakwai, Babana, Malam Abdussamadu, ya zo ya ɗauke ni zuwa Birnin Kebbi don makaranta. Wannan lokacin Sakkwato ce babban birninmu, daga can ake juya malaman makaranta irinsa.

Baba mutumin kirki ne, Allah ya sani, sai dai mutumin takarda ne. Ko akuya zai saya sai ya rubuta. Ranar da ya ɗauke ni ya rubuta yarjejeniya a gaban dattawa: duk hutu, in uwar yarinya ta aiko tana son ta, za a kai mata ita ba gardama. Ya sa hannu, Maigandi ya dangwala yatsa. Baba ya ninke takardar ya sa cikin littafinsa yana jin ya yi adalcin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Kabi.

Hutu na farko ya zo ya wuce, ba a aiko ba. Na biyu ma haka. Kullum aka yi sallama a ƙofar gida sai in ruga, in tarar ko mai neman Baba ne ko mai tallan nono. Sau ɗaya na ji Baba yana cewa a zaure, cikin ɓacin rai, "Ni na buɗe ƙofa, ita ta ƙi shigowa." Na shiga bayan rumbu na yi kuka, don na gama yanke wa kaina cewa Inna ta yar da ni.

A gidanmu akwai yayar Baba, Goggo Riskuwa. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, tana sarin albasa tana sayarwa. Doguwa ce, muryarta kuwa in tana raɗa a ɗaki sai maƙwabta su amsa. Ita ke dafa mana abinci. Jifa-jifa wani direba mai suna Atiku yakan sauke mata ƙullin shinkafa da busasshen kifi daga Argungu, ya ce, "Saƙon Laure, ta ce a gaida Goggo." A gaida Goggo, shi ke nan. Ni ko a gaisuwar ba na ciki. Goggo ta dafa, Baba ya ci ya suɗe hannu ya ce duk duniya babu shinkafa kamar ta fadamar Argungu.

Hutu na uku, Goggo ta wayi gari tana ɗingishi.

"Abdu, gwiwag ga ta hana ni sakat, kuma ina da sarin albasa Argungu. Ka ba ni Sakinatu ta riƙa mani jaka."

Baba ya ce, "Yaya, ba a aiko ba. Takarda ta ce sai an aiko."

"Ni na ce maka wurin uwatta za ni kai ta? Jaka nic ce!"

Haka muka hau a-kori-kura, muka bi ta Ambursa, Goggo tana ta nishi duk inda motar ta faɗa rami. Abin mamaki, muna sauka a tasha gwiwar ta warke, har ina gudu kafin in cim mata.

Mun tarar da Inna tana juya shinkafa a kan tabarma. Ta durƙusa ta gaida Goggo, ta tambayi gajiya, ta tambayi gida, ta tambayi kasuwa, har akuyar Goggo sai da ta tambaya. Sa'an nan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Wagga kuma mi yak kawo ta?"

Na ji kamar a tsaga ƙasa in shige. Kwana uku muka yi, tsokar kifi mafi kyau kullum a kwanona take, amma ba ni da idon ganin wannan. Abin da na gani shi ne ba ta dube ni ba. Muka ci gaba da haka shekara biyu: hutu ya zo, gwiwar Goggo ta tashi, mu je, a tambayi abin da ya kawo ni, mu dawo.

Ina aji uku takarda ta zo wa Baba daga Sakkwato, an mayar da shi Gusau. A lokacin Gusau tafiyar yini ce cur, in mota ba ta lalace ba. Wanda ya je can ba zai riƙa leƙo Argungu don riƙe jaka ba. Baba ya ce da ni zai tafi, amma saboda adalci zai je ya tambayi Inna a gaban shaidu. In ta ce tana so a bar ni kusa, zai bar ni. In ba ta ce ba, shi ya fita haƙƙinta.

Goggo ta ajiye muciya ta dube shi. "Kai dai boko ta yi maka rana ta kuma yi maka dare. Ɗiyar fari za ka sa ta nema da bakinta, gaban ubanta?"

"Yaya, kalma ɗaya ta. I ko a'a."

Muka tafi mu uku. Aka zauna a zauren Maigandi, shi da ƙannensa biyu da Baba, Goggo a gefe, ni a maƙale da ita. Inna ta tsaya daga bayan asabari, ƙafafunta kawai nake gani. Baba ya fito da takardarsa ya karanta, ya faɗi zancen Gusau, ya yi tambayarsa a fili kamar yana gaban allo.

Na ga yatsun ƙafar Inna suna tona ƙasa. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ɗiyatai ta. Shi kai ta inda yaka so."

Maigandi ya sunkuyar da kai. Shi ma ba zai roƙa wa 'yarsa ba, don kada a ce ya yi rashin ta-ido. Baba ya ninke takarda ya miƙe, fuskarsa ba daɗi, ya ce, "To, kun dai ji." Ni kuwa ban yi kuka ba ma. Na ce a raina gara Gusau ɗin, aƙalla can ba zan riƙa jiran sallama ba.

Sai Goggo ta ce, "Zamna, Abdu. Ban gama ba, don ban ma soma ba."

Baba ya zauna. Duk iliminsa, bai taɓa iya tsayawa ba in Goggo ta ce zauna.

"Kac ce ba a taɓa aikowa ba. To ina tambaya tai, Baba Maigandi, ku zan shaida. Shinkafad da Atiku ka kawowa gidanmu, yaushe taka zuwa?"

Baba ya ce shi bai riƙe ba.

"Kai mai rubuta kwanan watan haihuwar akuya? Tuna dai. Ranar da kunka rufe makaranta bara da damina, mi kac ci?"

Baba ya ce, "Shinkafa da kifi."

"Hutun da ag gabanai fa?"

Na ga ya soma lissafi da yatsu a kan gwiwarsa, sai yatsun suka tsaya.

"Shekara ukku," in ji Goggo, "ba a taɓa rufe makaranta ba shinkafag ga ba ta iso cikin satin ba. Lauren ga da ba ta san ko bihim ba, ita ka bin ɗiyan maƙwabta tana tambaya yaushe za a ba da hutu. Ni wace ce tata da za ta riƙa ciyar da ni? Yayar mijin da yas sake ta? Kuma kihin, ka taɓa ganin ta aiko da wani in ba ƙarfasa ba? Wa ka son ƙarfasa gidanmu in ba Sakinatu ba? An aiko, Abdu. Duk hutu an aiko. Kai ka cinye saƙon, har kana neman ƙari."

Ɗaya daga cikin ƙannen Maigandi ya toshe baki da hannun riga. Ƙafafun da ke bayan asabari suka ɓace, na ji gudun Inna zuwa cikin gida.

Baba ya ce a hankali, "To don mi ba ki hwaɗa mani ba tun tuni?"

"In tona ta, ta daina aikowa don kunya? Yau ma don ka kai mu bango na." Sai muryarta ta sauka, abin da ban taɓa ji ba. "Kai auta na, an goya ka an yi maka waƙa. Ni ɗiyar fari ta. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, kuma ni ban samu mai yi mani fassara ba. Na girma ina cewa ba ta so na. Sai bayan mun rufe ta nis san ko wace ta riƙa aiko mani da zane gidan miji da sunan wata. Wagga ba za ta jira kabari ba, ina raye."

Goggo ta share ido da gefen gyale kamar wadda hayaƙi ya dama, ta koma muryarta ta kullum. "Ka ba ni ita riƙo. Ta yi karatunta Birnin Kebbi wurina. Kai ka zo ka gan ta duk sadda kaka so."

Na dubi Baba. Ni kaɗai gare shi a lokacin, kuma na san ya riga ya saya mini ƙaramar katifa ta Gusau. Sai ya zaro alƙalami, ya buɗe takardar nan tasa, ya soke layi ɗaya ya rubuta wani, ya karanta wa dattawa: "Duk ranar da shinkafa ta iso daga Argungu, an aiko ke nan. A kai yarinya." Ya sa hannu, Maigandi ya dangwala. Har yau in ana zancen maza masu girma, wannan zaman nake tunawa, don ba kowane namiji ke gyara rubutunsa a gaban surukansa na da ba.

Baba ya tafi Gusau shi kaɗai. Katifar ya bar mini ita. Sati uku da komawa makaranta, ko rabin zango ba a kai ba, sai ga Atiku da ƙulli a ranar Alhamis. Goggo ta kwance, ta ga shinkafa da ƙarfasa, ta yi tsaki. "Ji wagga mata, yanzu kuma ta samu hanya! Takarda dai takarda ta. Ɗauko gyalenki gobe in an taso."

A hanya ba ta yi nishi ko sau ɗaya ba, gwiwa ta gama aikinta.

Mun tarar da Inna a inda muka saba tarar da ita, tana juya shinkafa. Ta gaida Goggo, ta tambayi gajiya da gida da akuya. Sa'an nan, idonta a kan tabarma, ta ce, "Wagga kuma mi yak kawo ta?"

A karo na farko na ba ta amsa. Na ce, "Shinkafa, Inna."

Ta juya mana baya da sauri ta fuskanci katanga. Kafaɗunta suka yi ta rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Na je na tsuguna kusa da ita na sa hannu a cikin shinkafar ina juyawa, ba ta dube ni ba, amma ta matsa ta ba ni wuri.