Ƙarar da Ta Ƙi Fita

Wani dare muna zaune da ƙanena a ɗakin aikinsa, sai ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru.

"Yaya, ka ji?"

Na kasa kunne. Ban ji komai ba sai famfo yana ɗiga a tsakar gida.

"Siririya ce," in ji shi, "kamar sauro ya faɗa kwalba. Ba ta hawa, ba ta sauka."

Na ce ni dai ban ji ba. Ya ce ai ni ko jirgi ya faɗo a ƙofar gida sai an ba ni labari.

Kunne ake ce masa a layinmu, kuma suna ya bi jiki. Da gyaran rediyo ya fara, har ya kai ga haɗa wani akwati da ke mayar da waƙar cikin kwamfuta sauti. Ya taɓa yi mini bayani. Waƙa a kwamfuta lambobi ce zalla, akwatin ne ke jera su su zama murya. A cikinsa akwai agogo marar fuska marar hannu, ɗan dutse mai kaɗawa, shi ke ba lambobin taki. In agogon ya yi ɗingishi, murya ta dushe. In wutar da ake ba shi tana da datti, dole ya yi ɗingishi. Na jima ina tunanin wannan dutse da ba ya barci, yana ƙirga a cikin duhu ba mai gode masa.

A lokacin wani mai ɗakin ɗaukar sauti ya kawo masa agogo biyu da abin ba da wuta iri uku, ya ce ya zaɓa masa waɗanda suka fi shiru. Mutumin yana da na'urorin awo, amma ya ce hukuncin ƙarshe na Kunne ne. Agogo ɗaya ƙarami ne kamar ƙwayar magani. Ɗayan kuwa yana zaune cikin wani ɗan gida na ƙarfe mai ɗumi, don ba ya son sanyi, sai ka ce jinjiri. Abin ba da wutar, akwai marar nauyi mai kama da cajar waya, akwai mai taransifoma da sai da hannu biyu ake ɗaga shi, sai kuma batir.

Da safe ƙanena ya ɗora laifin a kan marar nauyin.

"Wannan sara wuta yake yi gunduwa-gunduwa, dole ya yi tsaki."

Ya sa mai taransifoma, ƙarar tana nan. Ya koma kan batir, wanda a cewarsa ya fi kowa ladabi. Tana nan. Daga nan ya fara zargin gidan. Ya cire firji, ya kashe fanka, ya sauya wayoyi. Har maƙwabcinmu Tela, wanda muke katanga ɗaya da shi, ya roƙa ya daina kunna keken ɗinkinsa na lantarki.

"Yanzu Kunne, keken nawa ne ya yi maka waƙa?" in ji Tela. "To na ji. Zan koma na ƙafa, in gwiwata ta kumbura kai za ka yi mini gashi."

'Yar ƙanena ita ce ke riƙe masa aiki, ta kuma fi shi sanin na'urar awo. Uwata yake kiranta. Ta auna ta sake aunawa, ta ce ba ta ga komai ba.

"Na'ura ba ta da kunne, Uwata," in ji shi. Amma na lura ya rage cin abinci, kuma in ana hira yakan juyo da gefen fuskarsa na dama.

Suna da wata hanya ta yanke hukunci da ya koya mata tun tana ƙarama. A ɗaura zanen gado a tsakiyar ɗaki, kaya a baya, lasifika a gaba, mai saurare ya zauna bai san abin da aka haɗa ba. Yakan ce ido maƙaryaci ne, in ya ga abu mai nauyi sai ya raɗa wa kunne cewa shi ya fi. Ba a kunna waƙa da farko. Shirun akwatin ake saurare, domin a nan datti ke ɓuya.

Wata la'asar suka ɗaura zanen. Aka ajiye ni a bakin ƙofa, inda nake ganin su duka biyu. Ta haɗa ƙaramin agogo da marar nauyin.

"Baba, wannan fa?"

"Tana nan."

Ta haɗa mai ɗumin da taransifoma. Ya runtse ido ya daɗe.

"Ta ɗan lafa. A'a, tana nan."

Ta sa batir. Ya girgiza kai.

Sai ta tsaya, hannunta a kan tebur, ta dube ni. Ban gane kallon ba sai da na ga tana zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro. Ta cire batir. Ta cire agogon da bai taɓa yarda a kashe shi ba don kada ya huce. Har lasifikar ta raba da akwatin. Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ni ma na ji shi a ƙirjina.

"Baba, yanzu fa?"

"Wannan ya fi duka muni," in ji shi nan take. "Ki ware shi, kada ya bar ɗakin nan da sunana. Wanne ne?"

Ta kwance igiyar, zanen ya zube ƙasa.

Ya dubi wayoyin a kwance, kowace da bakinta a sake. Ya miƙe ya taɓa gidan agogon, ya ji ya fara sanyi. Sannan ya koma kujerarsa ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu, ya daɗe a haka. Da ya sauke hannu sai ya ce, "Ashe a gida take, a cikin kunnena."

"Za mu je asibiti a duba, Baba. Ana samun sauƙi."

"Mutumin nan fa? Me zan gaya masa? Kunnena ya ba amana."

"Sai in saurara, kai ka gaya mini abin da zan nema."

Ya dube ta, ya dubi kujerar da yake kai, wadda ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi. Bai tashi ba, bai kuma ce a'a ba.

Muna haka Tela ya leƙo ta taga, da tef a wuya, yana murza gwiwa.

"Jama'a, wai an kama mai tsakin nan kuwa? In kunna kekena?"